Tsakuwa ta Biyar a Gwangwanin Goggo

Ban amince da ƙwaƙwalwata ba a kwanakin nan, kuma gara in faɗi haka tun daga farko. Yau kwana talatin da ɗaya da rasuwar Goggo, yayar mahaifina. A cikin kwanakin nan akwai abin da na tabbata na gani da idona, sai wani ya ce ba haka aka yi ba. Don haka abin da zan rubuta iyakar abin da na riƙe ne, mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ni ma ya yafe mini abin da zan faɗa a ƙasa.

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, a gidan ɗanta na biyu da ke Jikwoyi, wanda nake kira Yaya. Ina ofis a cikin gari aka kira ni. Cunkoson Nyanya ya riƙe ni, kafin in iso an riga an fita da ita. Abin da na tarar a ƙofar gida shi ne masu turin baro da masu rake da masu yankan farce, mutanen da suka yi shekaru suna karya kumallo da ƙosanta a bakin titin Karshi. Sun zauna a ƙasa sun jingina da katanga. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai sayar da goro, ya ce da Yaya, "Yanzu wa zai dube mu ya ce mun rame?"

A cikin gida maƙwabciyarta, Maman Tagwaye, Kirista ce daga tsaunukan Filato mai shagon kayan masarufi, tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Goggo ta ƙi matsawa. Duk wanda ya ba ta haƙuri sai ta ce, da irin Hausarta, "Goggo ya tafi ya bar ni da rabin labari. Wa zai yi faɗa da ni yanzu?"

Ranar sadakar uku wasu mata huɗu suka zo, babu mai dangantaka da mu a cikinsu. Baffa, ƙanen Goggo da ya zo daga gida, ya ja ni gefe ya tambaye ni su waye. Na ce marubuta ne, masu rubuta labarai da waƙoƙi.

"Marubuta?" in ji shi. "Me ya haɗa su da mai ƙosai da ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko?"

Ban ba shi amsar kirki ba a ranar. Ina jin wannan rubutun rabinsa amsa ce gare shi.

Abin ya faro ne daga takardar naɗe ƙosai. Goggo takan sayi tsofaffin takardu a buhu. Lokacin ina jami'a, ina yin hutu a wurinta, wata rana aka samu yagaggen littafin labari a cikin buhun, babu bango, babu farko. Ta miƙo mini shafi ɗaya ta ce in gaya mata abin da take naɗe wa mutane abinci da shi. Na karanta. Ta ce in nemo na gaba. Ranar sai da muka zazzage buhun nan kaf muna jera shafuka, kuma ba ta yarda an naɗe ko ƙosai ɗaya da su ba. Ƙarshen littafin ba ya ciki. Ta yi mako guda tana mita, har sai da na je kasuwa na yi ta kwatance na samo wani.

Daga nan ya zama al'ada. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma ta ɗora faifan wake a cinya tana tsinta, ni kuma ina karatu. Tsakuwar da ta tsinta a wake jefar da ita take yi a ƙasa. Amma akwai wani tsohon gwangwanin madara a gefen ƙafarta. Idan labari ya yi ƙarya, sai ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta sake ta a ciki. Ƙwal. Ba ta ɗaga kai, ba ta cewa in tsaya. Idan kuma labarin ya kama ta, hannunta ne ke tsayawa a cikin waken. Takan ce, "Ni ban san komai ba, hannuna ne alƙali."

Ya kamata in bayyana abin da take kira ƙarya, don na ga mutane suna ɗauka ba daidai ba. Ba ta taɓa jefa wa aljani tsakuwa ba, ko dokin da ke magana. "Aljani ban san gidansu ba," in ji ta, "mutum nake saurare." An taɓa karanta mata inda wata amarya ta dafa wa baƙi ashirin wake da shinkafa cikin rabin awa. Ƙwal. An karanta inda wani saurayi ya tsaya kan gawar mahaifiyarsa ya yi jawabi shafi uku. Ƙwal, sannan ta ce, "Wanda uwarsa ta mutu bakinsa nauyi yake yi."

Ni da na yi digiri a kan adabi, na zo mata da kalmomin aji, salo da zubi da tsari. Sai ta laƙaba mini Malama, kuma ba don girmamawa ba. Na tuna ranar da na kawo mata wata waƙa ta zamani daga waya, a kan mata masu sharar manyan titunan cikin gari. Na fara da ba da hanzari, na ce irin ta yanzu ce, ba ta da amsa-amo, ba a rera ta.

"Malama, ke kika yi ta?"

"A'a, Goggo."

"To me kike ba da haƙuri? Karanta."

Ban kai rabi ba hannunta ya tsaya. Da na gama ta ce in sake. Bayan na biyun ta ce, "Wadda ta rubuta wannan ta taɓa riƙe tsintsiya. Ta san baya ne ke fara ciwo, ba hannu ba." Na yi shekara huɗu ana koya mini nazarin waƙa, ban lura da wannan layin ba sai da ta nuna mini.

A haka labarinta ya bazu. Matan da ke rubuta labari suna sakawa a guruf ɗin waya suka fara turo babi a karanta mata kafin su saki. Wasu suna zuwa da kansu. Idan an gama littafi takan juye tsakuwoyin a tafin hannun mai shi, ta faɗi inda kowace ta faɗa, don ba ta mantawa. Wata ta tafi da tara, ta yi kuka a hanya, ta dawo bayan wata biyu da gyara. Ni kuma, saboda tsoron kada in rikita, nakan sa ɗigo da fensir a gefen takarda duk inda na ji ƙwal.

Faɗa ɗaya na san ta yi a kan littafi, da Maman Tagwaye, wadda takan rufe shago ta jawo kujera ta zo saurare. A labarin, wata uwa ta rera waƙa a bakin kabarin ɗanta. Goggo ta saki tsakuwa.

"Cire shi," in ji Maman Tagwaye.

"Babu uwar da za ta binne ɗa ta buɗe baki da waƙa."

"Ni na yi. Yarona na fari, kafin tagwaye. A garinmu haka muke yi."

"Baki ne ya yi, ba ke ba."

Maman Tagwaye ta ɗauki kujerarta ta fita. Kwana huɗu ba su gaisa ba, ko biyar, ban tabbata ba. Goggo ta yi ta tambayar masu sayen ƙosai 'yan wajen su Maman Tagwaye, ɗaya bayan ɗaya. Sai wata safiya ta sa yatsa a gwangwani ta ciro tsakuwar, ta naɗe ƙosai mai zafi, ta shiga shagon ta ajiye su biyun a kan tebur. Ta ce, "Ga abinki. Rera mini wadda kika rera." Ina tsaye a waje na ji Maman Tagwaye ta fara rerawa da harshensu. Tun daga ranar na san dokar: tsakuwa ba ta fita daga gwangwani sai an kawo wa Goggo shaida, kuma da hannunta take cirewa.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewayewa.

Goggo tana da ɗan fari wanda ya tafi kudu ci-rani shekara goma sha wani abu da suka wuce, bai dawo ba, ba a ji mutuwarsa ba, ba a ji rayuwarsa ba. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Amma a wurinmu uwa dama ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, ko yana gabanta sai dai ta ce "wancan". Saboda haka babu wanda ya iya rabe inda al'ada ta tsaya da inda ciwo ya fara. Ni dai ban taɓa tambaya ba.

Matar Yaya, wadda nake kira Anti, malamar firamare ce, kuma ta yi shekara biyu tana rubuta littafinta na farko a ɓoye. Ba za ta iya zama gaban surukarta tana karanta mata ba, ko ido ba su cika haɗawa ba. Sai ta buga shi a takarda ta ba ni, ta ce, "Ki karanta wa Inna. Duk abin da ta ce a kan ƙarshen, shi zan bi." Masu bin labarin a waya, inda take saka shi babi-babi da sunan aro, sun dame ta da roƙon a yi ƙarshe mai daɗi, ita kuma ba ta sake shi ba tukuna.

Labarin wata uwa ce a ƙauye da ɗanta na fari ya tafi birni neman kuɗi ya ɓace. Tun babi na biyu na lura ya yi kama da labarin Goggo, amma ita ba ta nuna komai ba. Mun yi makonni muna yi, Asabar da Lahadi. A lokacin ciwon ya fara cin ƙarfinta, ta daina fita tuya, sai dai ta ce a kawo mata faifan wake a kan gado don hannunta ya samu abin yi. Tsakuwa huɗu ta jefa a cikin babi goma sha tara, duk a kan ƙananan abubuwa. Hannunta kuwa ya tsaya sau da yawa har na daina lura.

Ranar Lahadi ta ƙarshe saura shafi uku. Na riga na leƙa su a mota. Yaron bai dawo ba. Uwar ta je tashar motar da ta raka shi tun farko, ta jira motar ƙarshe ta sauke mutane, sannan ta buɗe baki ta kira sunansa da ƙarfi, sau ɗaya, karon farko a rayuwarta. Nan littafin ya tsaya.

Na dubi Goggo a kan gado, ta rame, numfashinta yana fita da ƙyar. Na ce a raina ba zan iya ba. Sai na riƙe takardar a gabana kamar mai karatu, na shiga ƙirƙira. Na dawo da yaron. Na sa ya yi sallama da yamma da buhun shinkafa a ka, uwar ta faɗi tana godiya ga Allah, maƙwabta suka cika gida. Ina jin na yi shi da kyau, muryata ba ta yi rawa ba.

Hannunta bai tsaya ba ko sau ɗaya. Da na yi shiru ta laluba cikin waken, ta daɗe tana nema, don an riga an tsince shi. Ƙwal.

"Wanda ya yi shekarun nan ba ya shigowa da buhun shinkafa," in ji ta.

Na ce, "To, Goggo." Na sa ɗigo na biyar a gefen shafin, saboda sabo.

Ta dube ni, irin kallon da ba ta cika yi ba. Na ɗauka za ta ƙara magana. Sai ta ce, "Ajiye takardun nan kusa da matashina, Malama. Je ki, kada mota ta yi miki wuya." Na yi niyyar in dawo Asabar in faɗa mata gaskiya in karanta na ainihin. Ta rasu ranar Alhamis.

Abin da ban sani ba shi ne Yaya yana alwala a bakin taga ranar Lahadin. Bai ji abin da nake faɗa ba, amma ya ji na kai ƙarshe na tsaya, ya ji ƙwal. Ya gaya wa matarsa cewa Inna ta jefa wa ƙarshen tsakuwa. Anti ba ta tambaye ni ba a kwanakin zaman makoki, ni ma na yi ta kauce mata, in ta shiga kicin in fito. Sai bayan mako uku ta kira ni a waya, ta ce ta goge shafukan ƙarshe a kwamfuta tana sake rubutawa, za ta dawo da yaron gida, ta saki sabon ƙarshen ranar sadakar arba'in.

"Inna ta ce ƙarya na yi," in ji ta. "Ita ta fi kowa sani."

Kwana biyu ban iya aikin kirki ba, har oga ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Idan na yi shiru, Anti za ta kashe ƙarshen gaskiya ta rubuta ainihin abin da Goggo ta jefa wa tsakuwa, kuma da sunan biyayya ga Goggo. Idan na yi magana, zan gaya wa mace cewa na hana surukarta jin abin da ta shekara biyu tana shiryawa.

Ranar Asabar na je. Na same ta a tsakar gida tana wanki. Na tsuguna na faɗa mata duka, ban san yadda na jera ba. Ba ta daina cuɗa rigar da ke hannunta ba sai da na kai wurin buhun shinkafa.

"Buhun shinkafa," ta maimaita.

"Eh, Anti."

"Ke da digirinki, abin da kika iya ƙirƙirowa ke nan?"

Ta ɗauraye hannu ta zauna a kan bokiti.

"Kin san don wa na rubuta? Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan. Duk Sallah sai ta sa an ɗinka riga ɗaya ta namiji, ba ta Yayanki ba, ta ninke ta sa a akwati. Ba zan iya ce mata Inna, kira shi ko sau ɗaya ki huta ba. Ba bakina ba ne. Shi ya sa na sa wata matar ta yi a takarda."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ba yau ba, amma za ta yi. Sannan ta tashi ta shiga ɗakin Goggo, wanda ba a taɓa kayansa ba sai shara, ta fito da gwangwanin. Ta buɗe tafin hannunta ta juye, kamar yadda Goggo za ta yi mata da tana nan.

Huɗu ne.

Na ɗauko takardun daga gefen matashi na ƙirga ɗigon fensir. Biyar. Shafuka ukun ƙarshe kuma ba a inda na bar su suke ba, suna sama, gefensu ya lanƙwashe, akwai ɗan maiƙo a kusurwar ɗaya.

Muka kira Maman Tagwaye, don ta iya karatun Hausa sosai tun daga littafin waƙoƙin coci. Muka tambaye ta ko ita ta karanta wa Goggo shafukan, ta ce ba ita ba ce. "Gilashina ya fashe tun wancan wata, ko lambar waya ba na gani." Sannan ta ce, "Amma ranar Laraba na kawo masa kunu, ina bakin ƙofa na ji Goggo ya kira wani suna. Sau ɗaya. Da ƙarfi, har na tsorata. Na shiga na ce wa kike kira, ya ce babu kowa, ba ni kunu." Ta faɗi sunan. Anti ta sunkuyar da kai, don sunan yayan mijinta ne.

Ba na so in gina abin da ya fi ƙarfin shaidata. Mai shara tana iya ture gwangwani tsakuwa ta faɗi. Baffa, da na gaya masa a waya, ya ce masu jinya sukan kira sunaye, ba wani abu ba ne. Mai yiwuwa ma ni ce na sa ɗigo biyu a wuri ɗaya a wani babin, ko da yake na duba sau uku ban gani ba. Amma na san dokarta, kuma na san mutane da yawa sun shiga dubiya tsakanin Litinin da Laraba, wasunsu marubutan nan, wasu 'yan uwa, kuma Goggo ba ta jin nauyin miƙa wa kowa takarda ta ce karanta.

Anti ta mayar da ƙarshenta yadda yake. Ta ce ni zan karanta shi a bayyane ranar arba'in, bayan an yi addu'a, a gaban matan, ba ƙari ba ragi. Ta ɗaure tsakuwoyinta huɗu a bakin mayafi, ta ce ta san inda za ta gyara. Ta miƙo mini gwangwanin babu komai a ciki, ta ce, "Ta biyar ɗin taki ce. Ki je ki nemo inda ta shiga."

Saura kwana tara. Duk wanda ya san Goggo ya ga na yi kuskure a wani wuri, ko a faɗansu da Maman Tagwaye, ko a maganganunta, ya gyara mini ta hannun Yaya, zan karɓa in gyara. Amma roƙona na gaske ga mutum ɗaya ne. Idan kai ne, ko ke ce, kika zauna a bakin gadonta a kwanakin nan uku kika karanta mata shafuka uku daga gefen matashi, don Allah ki zo ki faɗa mini. Ba sai kin tuna abin da ta ce ba. Ki gaya mini kawai ko hannunta ya tsaya.